Surukina da Ƙafata ta Hagu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talatar da ta wuce da hantsi Allah ya karɓi ran surukina a gidansa na Panshekara, bayan jinyar kwana shida. Mahaifin matata ne, Baba nake ce masa kamar yadda take ce masa. Kwana uku muka yi a kan tabarma a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, kuma abin da na gani a zaman nan ne ya sa na ce sai na rubuta wani abu a kansa, ko da yake hannuna ya fi sabawa da ɗanyar fata a kan biro.

Zaman makoki dai kowa ya san shi: a zo a tuɓe takalmi, a durƙusa, a yi addu'a a shafa, a tashi. To mutanen Baba a wajen tashin ake gane su. Sai ka ga mutum ya ɗauki takalminsa ya kife ya kakkaɓe, ya zura hannu har ƙurya ya lalube, sannan ya sa ƙafa. Ɗaya ya yi, biyu suka yi, goma suka yi, har wani ƙanen Baba da ya zo daga ƙauye ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Wai kunamu ne suka yi yawa a unguwar nan?"

Na ce, "A'a Baffa, karatun mamacin suke biyawa."

Kusan duk ma'aikatan kamfani ne, daga Sharada da Challawa da Bompai, wasu ma da kayan aiki a jikinsu saboda daga tashi suka wuce. Kuma kusan duk masu ciwon suga ne. Ban taɓa ganin makokin da aka nannaɗe ƙafar wando irin wannan ba. Wani dattijo mai aikin narka roba a Sharada ya gama addu'a, maimakon ya tashi sai ya ɗaga dunduniyarsa yana nuna wa jama'a tabo, yana cewa, "Ku duba nan. Babban yatsana yana shigewa ciki. Wata huɗu yana wanke mini, ko tsaki bai taɓa yi ba." Na kusa da shi ya ce ai nasa ya fi wannan zurfi, nan take aka shiga gasar tabo, sai da liman ya yi gyaran murya. A cikin gida ma, in ji matata, wata mai sayar da abinci a ƙofar kamfani ta cire takalmi ta ƙirga wa mata yatsunta ɗaya bayan ɗaya tana kuka, tana cewa goman nan duk na Malam ne.

Wanda ya sa wurin ya yi tsit wani ne mai ƙafa ɗaya da ya zo daga Bompai a kan sanduna. Da aka zaunar da shi sai ya ce, "Ni ban tsira da tawa ba. Na kai masa ita ta riga ta yi baƙi. Ko murfin kwalbar maganinsa bai buɗe ba. Ya ce, wannan ta fi ƙarfin zaurena, tashi mu je. Shi ya tsayar da adaidaita, shi ya zauna a ƙofar tiyata har aka fito da ni. Likita ya ce da na ƙara kwana biyu da ba ƙafa kaɗai za a rasa ba." Ya share ido da hularsa.

Ni ina gefe ban ce uffan ba, don suruki ba ya zaƙewa a makokin surukinsa. Amma duk cikin masu nannaɗe wando babu wanda labarinsa ya kai nawa, kuma tunda bakina ba zai iya ba, bari biro ya yi.

Baba ba wanzami ba ne, ba boka ba, bai kuma gaji magani ba. Aikinsa sa wa injina giris a wata masaƙa a Bompai, tun zamanin da in jiniyar tashi ta yi kuka sai titi ya cika da kekuna. A can ya haɗu da wani Ba'indiye da aka kawo gyaran injinan saƙa, mutumin can kudancin ƙasarsu, baƙi kamar mu. Baba ke riƙe masa sifana. Kakan mutumin mai magani ne a garinsu, irin maganin gargajiyar da suke kira Sidda, kuma ya taso yana ganin yadda ake jinyar gyambon da ya ƙi warkewa. Da wani tsohon masaƙi ya fara ɗingishi, ƙafa na wari, ana shirin sallamarsa, sai Ba'indiyen ya ce a kawo masa shi bayan ɗakin injin lokacin hutun rana. Baba aka ce ya riƙe ƙafar, daga nan kuma bai sake ta ba.

Ya sha ba jikokinsa labarin ranar da suka shiga kasuwa neman kayan haɗi, yana yi yana dariya. Shi ba ya jin Indiyanci, wancan Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "kawo" ba. Akwai wasu 'ya'yan itace da suke dafawa a ƙasarsu su wanke miki da ruwan, an nema ba a samu ba. Sai mutumin ya bi rumfunan masu sassaƙe yana ɗauka yana taunawa yana tofarwa, 'yan kasuwa na binsa da kallo. Da ya ciji bagaruwa bakinsa ya ɗaure, sai ya ɗaga ta sama yana tsalle. Darbejiya kuwa da ya gan ta a bakin titi rungume ta ya yi, ya ce 'yar garinsu ce. Shi kuma man da ake ɗigawa a miki, da man kwakwa ake dafa shi da ruwan ganyen zaƙami da ɗan wani shuɗin dutse, a kan wuta kaɗan-kaɗan, yini guda. Saboda dafin zaƙamin nan kwalbar man kullum a akwati take da kwaɗo, makullin a aljihun Baba, kuma har ya rasu bai taɓa ba wa kowa ya tafi da ita gida ba. Da masaƙar ta rufe Ba'indiyen ya koma ƙasarsu, ya bar masa 'yar tukunyar tagulla da suke dafa man a ciki.

Bayan ya bar aiki sai ya mai da zaurensa wurin jinya. Abin da bai bari ba shi ne zuwa bakin hanyar Challawa lokacin da masu aikin safe ke tashi, na yamma ke shiga. Ya tsaya a gindin bishiya da carbi, ba fuska yake kallo ba, ƙafafu. Yakan ce fuska ta iya ƙarya, tafiya ba ta iya ba. In ya ga wanda ke taka gefen ƙafa sai ya bi shi, "Malam, dakata. Kana yawan fitsari?" Wasu su harare shi su wuce, wasu su tsaya. A wajen alwala ma bai ƙyale mutane ba. In ya ga lebura ya wanke ƙafa ya zura ta jiƙe cikin takalmin roba sai ya miƙa masa ƙyalle daga aljihu ya ce ya tsane tsakanin yatsu tukuna. Maganarsa da kowa ya haddace ita ce, ƙafar mai suga kurma ce kuma bebiya, ba ta ji ba ta faɗa, sai ka duba ta da ido da hannu. Masu tallar magani a bayan mota da lasifika kuwa, waɗanda ke cewa kwalba ɗaya ta kashe suga har abada, in sun tsaya a unguwar sai ya je ya zauna a gaba yana tambayarsu adireshin mutum ɗaya da ya warke, har su naɗe kayansu.

Duk wannan na san shi. Shekara goma sha biyu ina auren 'yarsa a lokacin, gidana da nasa tafiyar minti goma. Amma wai ni ne na ɓoye masa gyambo wata biyu.

A kamfanin jima nake aiki a Challawa, wajen manyan gangunan da ake juya fata a ciki. Tsaye ake yini cikin takalmin roba mai dogon wuya, ruwan magani na gudu a ƙasa. An gaya mini ina da suga tun shekara uku kafin nan, ina shan ƙwaya in na tuna, shayina kuma cokali uku ne ba ragi. Wata rana wata 'yar guntuwar waya ta faɗa cikin takalmina na hagu, na yini a kanta ban sani ba. Matata ce ta ga jini a safa. Na ce ƙaramin abu ne. Na sa toka, na sa man birki kamar yadda muke yi a kamfani, na fasa kafso na barbaɗa. Rami ya buɗe a tafin ƙafa, ƙarƙashin yatsu, yana faɗi yana zurfi, ni kuwa ko zafi babu, shi ya sa na yi ta yaudarar kaina.

Matata ta ce mu je wajen Baba. Na ce ta rufa mini asiri. Ni tunda na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa zama a tabarmar da yake kai ba. Maganarmu ba ta wuce "kun wuni lafiya" da "Allah ya yi albarka". Mutumin da in na hango shi nake tuɓe takalmi tun daga nesa, shi zan miƙe wa ƙafa, ƙafar ma mai wari? Na ce mata in ta faɗa masa ban yafe ba. Yau ina rubutawa ina jin haushin kaina, amma a lokacin gani nake ladabi nake yi.

Duk Juma'a bayan masallaci nake zuwa gaishe shi. Na tsallake Juma'a biyu da sunan aiki. Ta uku babu hanya, sai na naɗe ƙafar da tsumma na ɗora safa biyu, a tsakiyar bazara, lokacin da ko riga mutum ji yake ta yi masa yawa. Na tuɓe takalmi a ƙofar zaure na shiga na durƙusa. Ya amsa gaisuwa kamar kullum. Sai ya miƙe ya fita ƙofa, ina kallonsa ta wutsiyar ido ya ɗauki takalmina na hagu, ya zura hannu, ya fito da shi ya shinshina. Ni bai ce mini komai ba. 'Yarsa ya ƙwala wa kira, don tare muka zo, tana cikin gida.

"Ke! Tun yaushe?"

Ta fashe da kuka. "Wata biyu, Baba. Shi ya ce kar in faɗa."

"Madalla, kin yi biyayya. In an yanke ƙafar sai ki ɗauki biyayyar ki goya shi da ita ki riƙa kai shi Challawa."

Ina durƙushe a zaure ina roƙon ƙasa ta tsage in shige.

Washegari asibiti ya kai ni, don ƙa'idarsa ce ba ya taɓa miki sai likita ya gani. Wata likita muka samu, ba ta fi sa'ar 'yarsa ba. Ta yanke mataccen naman, ta zura wani ɗan ƙarfe ta ce bai kai ƙashi ba tukuna, amma saura kaɗan. Ta rubuta allurar suga da ƙwayoyi. Sannan ta dube ni ta ce, "Malam, sati uku na ba ka. In ramin bai fara cikowa ba, ko ja ya hau sama, za mu cire ta daga ƙasan gwiwa. Ba tsoro nake ba ka ba."

Tsoron kuwa na ji shi. Shekarata arba'in da ɗaya, 'ya'yana huɗu, kuma babu kamfanin jimar da ke ajiye mai ƙafa ɗaya a gaban ganga.

Baba ya ciro kwalbarsa ya ajiye a teburinta, ya lissafa mata abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, bai ɓoye komai ba. Ta juya kwalbar ta ce, "Baba, ban san man nan ba. Ba zan ce muku yana yi ba, ba zan ce ba ya yi ba. In dai ba za a fasa allura ba, kuma duk Litinin za a kawo mini shi in gani, ku gwada. Ranar da na ce a tsaya, a tsaya."

Ya ce, "'Yata, ke ce direba, ni kwandasta ne."

Da muka dawo na aiki matata ta roƙe shi ya haɗa ni da ɗaya daga cikin waɗanda ya koya wa aikin. Ya ce ba zai ba mai koyo ƙafar uban jikokinsa ba. Na ce to ni ma ba zan iya miƙe masa ƙafa ba. Ta yi ta kai-komo tsakaninmu har ta gaji, ta zauna a dandamali ta ce mu biyu mu ƙarata. Baba ya tashi ya shiga cikin gida. Can sai ga shi da asabari a kafaɗa.

Akwai wani ɗan ɗaki da ƙofarsa ke buɗewa cikin zauren. Ya sa aka share aka shimfiɗa mini katifa, ya rataya asabarin a ƙofa, ya bar tazarar taƙi ɗaya daga ƙasa. Ya ce wa 'yarsa, "Gaya masa ya shiga ya turo ta ta ƙasa. Ni ban ga suruki ba. Wata baƙuwa aka ce ta zo daga Challawa ba ta da lafiya, ita zan duba."

Haka aka yi. Kullum da hantsi da kuma bayan la'asar sai in ji ya ajiye 'yar kujerarsa ya yi sallama, "Baƙuwa, kin tashi lafiya?" In runtse ido in tura ƙafa. Ya ɗora ta a cinyarsa. Ruwan bagaruwa da darbejiya an dafa an tace ya huce, da gwiwar hannu yake gwada zafinsa. Ya wanke a hankali, ya tsane da farin ƙyallen da aka tafasa, ya ɗiga man, ya rufe. Kafin ya rufe sai ya karya tsinken tsintsiya daidai faɗin ramin ya soke a jikin asabarin, kowace rana da nata tsinken a jere, ta yadda ni daga ciki ina gani, shi daga waje yana gani. Taka ƙasa kuwa ya haramta mini shi. Alwala ma shafa nake a kan ɗaurin, ya sa liman ya zo ya gaya mini da bakinsa cewa ya halatta.

Abin da ban zata ba shi ne asabarin nan zai buɗe bakin Baba. Shekara goma sha biyu bai gaya mini magana uku a jere ba, amma da Baƙuwa hira yake kamar sun yi wasan ƙasa tare. "Baƙuwa, ki gaya wa maigidanki shayi ba maɗi ba ne." "Baƙuwa, ki ce masa 'yata ba ta taɓa kawo ƙararsa ba. Na san mutumin kirki ne, taurin kai ne kawai, shi kuma ban samo mansa ba tukuna." In na yarda da magana sai in motsa babban yatsa. In ban motsa ba sai ya ce, "Au, yau kuma gardama ake ji?" Na sha cusa filo a baki don kada ya ji dariyata.

Sati na farko ya ƙare, tsinkaye bakwai tsayinsu ɗaya. Likita ta duba ranar Litinin ta ce bai ƙaru ba, bai ragu ba. Ranar ban iya cin abinci ba. Ina kwance ina kallon tsinkayen, ina shafa gwiwata ina tunanin nan ne zan ƙare.

A wannan satin ne Inna, mahaifiyata, ta iso daga ƙauyenmu a Jigawa, kuma ba jinya ta zo ba, ɗaukata ta zo yi. Ta riga ta yi magana da wanzamin garinmu zai yi mini sakiya, a ƙona ƙarfe a huda wurin mugun ruwa ya fita. Ta zauna a tsakar gida, Baba yana zaure, katanga ɗaya tsakaninsu, kowa na jin kowa, amma matata ce ke kai saƙo.

"Ki ce wa Malam mun gode, Allah ya saka. Amma a garinmu ba a taɓa jin suruki ya wanke ƙafar mijin 'yarsa ba. In labarin nan ya je gida waƙa za a yi mana."

"Ki ce wa Hajiya a yi waƙar. In Allah ya so zai taka rawarta da ƙafa biyu."

"Ki ce masa sakiya tun kaka da kakanni ake yin ta."

"Ki ce mata kaka da kakanni ƙafarsu na jin wuta."

"Ki ce masa yaron nan dai ni na haife shi."

Nan ne na ji Baba ya ɗaga murya, karo ɗaya tak a sanina, kuma bai bi ta kan 'yar aike ba. "Hajiya, ku zo ku gani da idonku." Ta shigo zauren tana jan mayafi. Ya sa na turo ƙafa, ya ce mata ta mintsini yatsuna, ni kuma in ce "wash" in na ji. Na yi ta jira. Shiru. Na ce a raina ko ta fasa ne. Sai na ji Baba yana cewa, "Ya isa haka, kar ku yi mana sabon aiki," na kuma ji shessheƙa. Ashe ta bi yatsun duka biyar, ɗanta yana bayan asabari bai sani ba.

Baba ya sassauta murya ya ce, "To wannan za a ɗora wa jan ƙarfe. Zai ci har ƙashi yana yi muku hira."

Inna ba ta koma ba. Ta kwance ƙullin kayanta ta karɓe girkina daga hannun matata, ta zama ta fi Baba tsanani. Tuwon shinkafa ya ɓace, sai ɗan na alkama bai fi dunƙulen hannu ba, da zogale da rama kamar ana kiwon akuya. Ita ke tsayawa a kaina lokacin allura, ta rufe ido ta yi bisimilla ni in soka. Har bayan ta koma gida in an ambaci Baba sai ta ce, "Wannan Malamin, baki kamar reza, amma Allah ya ba shi."

Rana ta goma tsinken ya gaza ɗan'uwansa da kamar ƙwayar gero. Na zata wajen karyawa aka yi kuskure. Ta sha ɗaya ya ƙara gazawa. Ta sha uku na ji Baba ya yi kabbara ya ƙwala wa duk gidan kira. "Ku zo ku ga jan nama! Ga shi nan yana tasowa kamar cikin kankana!" Inna ta rangaɗa guɗa. Shi kuma dattijo mai furfura ya hau yi wa ƙafata kirari: "Baƙuwa ta Challawa, kin sha ruwan jima kin ƙi jemuwa! An wasa wuƙa dominki ta koma kube!" Ni ina ciki ina kuka shaɓe-shaɓe, ina gode wa Allah da akwai asabari.

Ranar da sati uku suka cika likitar ta buɗe ɗaurin ta daɗe tana kallo. Ta auna, ta duba takardarta, ta sake aunawa. Ta ce, "Malam, babu yanka. Ku ci gaba da abin da kuke yi, duka biyun." Na tambaye ta wanne ne ya yi aikin, allurarta ko man Baba. Ta ce ita abin da ta sani shi ne ba ta taɓa samun majiyyacin da ake wanke wa miki sau biyu a rana ba fashi, aka hana shi taka ƙasa, aka kuma tsare masa baki ba. Da aka gaya wa Baba sai ya ce da gaskiyarta, mai ɗigo ne kawai, sauran duk naci ne.

Sai da aka yi wata uku da kwanaki kafin ramin ya rufe ruf. Asabarin ya cika da tsinkaye, na ƙarshen bai kai ƙwayar shinkafa ba. A tsakanin nan Baba ya kai wa wani baduku awon ƙafata, aka ɗinka mini takalmi mai taushin ciki da ɗan kwarmi daidai wurin tabon. Ranar da likita ta ce in taka, tare muka je. A adaidaita shi a gaba kusa da direba, ni a baya da sandunana, don ko a nan ba ma haɗa kujera.

Da muka dawo, tun kafin mu shiga layinsu ya ce wa mai adaidaita ya tsaya. Muka sauka. Ya karɓi sandunan daga hannuna ya saɓa a kafaɗa. Sai ya yi mini magana, ni da kaina, ba Baƙuwa ba.

"Wuce gaba."

Na tsaya. Ban taɓa shiga gabansa ba ko a sahun salla. Na ce, "Baba, ku dai ku wuce."

"Na ce wuce gaba."

Na ɗaga ƙafar hagu na ajiye a ƙasa. Ta ɗauke ni. Na ɗaga ta dama. Haka na bi layin nan a hankali kamar mai koyon tafiya, surukina na biye da ni taku biyar a baya ɗauke da sanduna. Mutane suka fara leƙowa. Wani tsoho da ke zaune a ƙofar shagon tela, wanda bai san zancen ba, ya ce, "Kai, wane irin rashin ta-ido ne wannan? Ka bar dattijo a baya da kaya?"

Baba ya ce, "Ƙyale shi, Alhaji. Wata uku ina wannan noman, bar ni in kalli amfanin gonata."

Ban juya ba, amma ina jin sa yana ƙirga takuna a hankali har ƙofar zaure.

Washegari aka sauke asabari, muka koma yadda muke. "Kun wuni lafiya." "Allah ya yi albarka." Na koma gaban gangata a Challawa, ina nan har yau, na aurar da 'ya'ya biyu ina tsaye. Shekara goma sha ɗaya bai ƙara tada zancen ba, ni ma ban taɓa samun bakin yi masa godiya ba. Sau da yawa na shirya maganar tun daga gida, in na durƙusa sai ta maƙale. Wannan ne kaɗai abin da ke ci na yanzu.

Da aka fito da shi za a kai shi makwanci, aka ce masu lalura su shiga mota, maƙabartar da nisa. Matata ta aiko daga cikin gida a gaya mini in shiga. Ban shiga ba. Na sa kafaɗa a ƙarshen makara, wajen ƙafafunsa, shi a gaba ni a baya, kuma duk wanda ya zo karɓata na ce ya ƙyale ni. Tun daga ƙofar zaure har bakin kabari ban sauka ba, ban yi ɗingishi ba. Ita ce godiyar da na iya.

Ya Allah, bawanka ya ƙare rayuwarsa a sunkuye kan ƙafafun bayinka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka tabbatar da dugadugansa ranar da ƙafafu ke zamewa. Amin.